Jirgi a Saman Gona, Jirgi a Cikin Waya

Manomin Ungogo ko Minjibir ba baƙon ƙarar jirgin sama ba ne. Filin jirgin Malam Aminu Kano yana arewa da birni, saboda haka jiragen da ke sauka da masu tashi sun daɗe suna ratsa saman gonakin gero da dawa da gyaɗa na wannan yanki, inda ƙauye ke jingine da ƙauye kuma da wuya a ga fili ba shuka. Tun a watan Nuwamban 1925 jiragen sojan Ingila uku suka sauka a Kano, jiragen farko da suka zo Najeriya.

Zama kusa da filin jirgi ya sa mutanen nan sun ga abin da ba a fatan gani. Ran 24 ga Yunin 1956, damina ta kankama, jirgin kamfanin BOAC mai injin huɗu ya tashi zuwa Tarabulus cikin hadari. Iska ta juya masa farat ɗaya, ya kasa ɗagawa, ya daki bishiya ba nisa da ƙarshen titin jirgi. Mutum 32 cikin 45 suka rasu.

Wanda dattawa suka fi tunawa shi ne na alhazai. Ran 22 ga Janairun 1973, tsakiyar hunturu, wani Boeing 707 na kamfanin ƙasar Jodan da Nigeria Airways ya ɗauko haya ya taso daga Jidda zuwa Legas. Rashin kyawun yanayi ya sa aka karkato shi Kano. Wajen sauka ƙafarsa ta karye, ya kauce daga titi, wuta ta tashi. Mutum 176 cikin 202 suka riga mu gidan gaskiya, kuma a lokacin duniya ba ta taɓa ganin haɗarin jirgi mai yawan mamata kamarsa ba. A gidaje da dama an share tsakar gida, an yi girkin taryar Alhaji, sai tabarmar murna ta koma ta zaman makoki. Sannan ga na 4 ga Mayun 2002, da jirgin EAS ya faɗa kan gidaje a Gwammaja jim kaɗan da tashinsa, sama da mutum ɗari suka mutu, har da ministan wasanni Ishaya Mark Aku.

Jikokin waɗanda suka kalli majigi a ƙofar gidan dagaci, zamanin fim ɗin Baban Larai, yanzu a waya suke kallo. Ranar kasuwar Ɗambatta ko Bichi yaro zai miƙa memori a shagon tura fim, ya dawo da na Indiya da fassara, da na Kannywood, da na Kudu. Da daddare a haɗa kai mutum biyar a kan waya ɗaya a dandali. Masu kallon nan sun san yadda labarin jirgi yake a bakin wanda ya gani, to me masu fim suka kawo musu?

A 2012 Obi Emelonye ya fitar da Last Flight to Abuja, wanda ya jingina da haɗurran da suka addabi ƙasar nan a wajajen 2006, shekarar da Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido ya rasu a jirgin ADC. An yaba masa ƙoƙari, amma ya cika jirgin da soyayya da cin amana da rikicin ofis, har dalilin da ke sa jirage faɗuwa ya zama ɗan rakiya.

Hijack '93, wanda Robert Peters ya ba da umarni aka sa a Netflix a Oktoban 2024, ya fi ban takaici, don labarinsa na gaske ya fi na allo armashi. Ran 25 ga Oktoban 1993 matasa huɗu suka ƙwace jirgin Nigeria Airways da ya taso daga Legas zuwa Abuja, don nuna fushinsu kan soke zaɓen 12 ga Yuni. Jamus suka nufa, ƙarancin mai ya tsayar da su a Yamai. Bayan kwana uku jami'an tsaron Nijar suka kutsa, aka rasa mutum ɗaya cikin ma'aikatan jirgin, samarin kuma suka kwashe shekaru kimanin tara a kurkukun Nijar. A fim ɗin kuwa sai ihu da zare ido. Siyasar da ta haifi abin an taɓa ta sama-sama, fasinjoji an jera su ba a san ko su wane ne ba, mai kallo bai damu da wanda zai tsira ba. Wannan ba laifin kyamara ko ƙarancin kuɗi ba ne, tun a takarda labarin ya gurgunce, darakta kuma bai tallabe shi ba.

Marubucin Kannywood da ke sha'awar labarin jirgin alhazai kada ya fara da neman kuɗin zana wuta a kwamfuta. Ya fara da rahoton bincike da jaridun lokacin, sannan ya hau babur ya shiga ƙauyukan da ke kewaye da filin jirgi. Wanda yake ɗan shekara ashirin a 1973 yau ya haura saba'in. A je a zauna da su tun suna da rai.