Kyamarar Fim a Sabon Gari da Samaru

'Yan uwa marubuta, zuwan jirgin ƙasa Zariya wajen 1911 shi ya cika Sabon Gari da 'yan kudu, kuma a shagunansu iyayenmu da yawa suka fara tsayawa gaban kyamara. Da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, sana'ar ta bunƙasa a Samaru. Fim ɗaya hoto 36 ne, ba gogewa, sai an wanke a gani.

Waya ta kashe kasuwar, amma Leica M3 ta Jamus, ƙirar 1954, har yau tsada gare ta. In muka samu ta hannu mu leƙa: siffa biyu ce a tsakiya, a murɗa gilashi su haɗe. In sun ƙi, sai ƙwararren mai gyara. Mu kuma roƙi mai ita tsofaffin fina-finansa, kafin magada su zubar.