Birnin Dablin da Tsadar Muhalli, 1801 zuwa 2024



Abin da nake so mu duba a yau shi ne tarihin birni guda, watau Dablin, hedkwatar Jamhuriyar Ailan, wadda ta ƙunshi mafi yawan tsibirin nan da ke yamma da Birtaniya. Dalilin zaɓensa kuwa shi ne, birnin ya ɗanɗana talauci, ya kuma ɗanɗana arziki, amma tambaya ɗaya ba ta rabu da mazaunansa ba: ina ma'aikaci zai kwana, kuma nawa zai biya?

Mafarin al'amarin shi ne shekarar 1801, lokacin da aka rushe majalisar dokokin Ailan, aka haɗe ƙasar da Birtaniya. Da mulki ya koma Landan, sai masu sarauta da attajirai suka bi shi, suka bar manyan benayensu. Sannu a hankali aka yayyanka benayen nan ɗaki-ɗaki, ana ba talakawa haya. Daga 1845 kuma babbar yunwa ta auka wa ƙasar saboda lalacewar dankalin Turawa. Kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu, wasu kamar haka suka yi ƙaura, wasu kuwa suka kwararo birni. Ƙidayar 1911 ta sami mutane sama da 800 a gidaje 15 kacal na titin Henrietta. A watan Satumba na 1913 benaye biyu suka rushe a titin Church, mutum 7 suka halaka, daidai lokacin da masu kamfanoni suka rufe wa ma'aikata kimanin 20,000 ƙofa saboda bin ƙungiyar ƙwadago ta James Larkin. Binciken da ya biyo baya a 1914 ya nuna cewa iyalai kimanin 20,000 ne ke zaune a ɗaki ɗaya tak kowannensu.

Bayan samun 'yancin kai a 1922, hukumar birnin ta ɗauki gina gidaje a matsayin aikinta. Ta haka aka sami unguwannin Marino da Cabra da Crumlin. Amma ƙasar matalauciya ce, aiki kuma ya yi ƙaranci. A shekarun 1950 mutane wajen 400,000 suka fice, akasari zuwa Ingila, har yawan jama'a ya sauko miliyan 2.8 a 1961. A watan Yuni na 1963 tsofaffin benaye suka sake rushewa, mutum 4 suka mutu, aka gaggauta gina dogayen benaye a Ballymun, bayan gari. An ba mutane ɗakuna masu kyau, amma kantuna da sauran abubuwan more rayuwa ba su biyo su da wuri ba. Daga 2004 aka fara rushe benayen nan.

To, ta yaya irin wannan ƙasa ta yi arziki? Ba dare ɗaya Allah kan yi Bature ba. A 1958 wani babban ma'aikacin baitulmali, T. K. Whitaker, ya tsara manufar buɗe ƙofa ga jarin waje, Firayim Minista Seán Lemass kuma ya aiwatar da ita. A 1967 aka mai da karatun sakandare kyauta. A 1973 ƙasar ta shiga Kasuwar Tarayyar Turai. Duk da haka a 1987 marasa aiki sun kai kimanin kashi 17 cikin ɗari. Sai daga baya shukar ta yi 'ya'ya: kamfanin Intel ya sauka a Leixlip, kusa da Dablin, a 1989, wasu kamfanonin Amurka suka biyo sawu, don ga matasa masu ilmi masu jin Ingilishi, ga haraji mai sauƙi, ga hanyar shiga kasuwar Turai. Tsakanin 1995 da 2000 tattalin arziki ya riƙa ƙaruwa da kimanin kashi 9 cikin ɗari a shekara, har aka yi wa ƙasar laƙabi da damisa. Waɗanda suka tafi ci-rani suka fara dawowa, baƙi kuma suka shigo neman aiki.

A nan ne tsohuwar matsala ta dawo da sabuwar riga. Shigar ƙasar cikin kuɗin yuro a 1999 ta saukar da ruwan bashi, bankuna suka ciwo rance daga waje, suka zuba shi a filaye da gine-gine. Farashin gida ya ninka kusan sau huɗu cikin shekara goma. Malamin makaranta ko ma'aikaciyar jinya da ke aiki a Dablin sai su sayi gida a gundumar Meath ko Kildare, su yi sammako kullum suna bin hanya. A 2006 kaɗai an gina gidaje wajen 90,000, da yawa a wuraren da babu mai bukatarsu. Gwamnati kuwa ta dogara da harajin cinikin gidaje, saboda haka ba ta ga dalilin tsawatawa ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne. A watan Satumba na 2008 gwamnati ta tsaya wa bankuna lamuni. Ceton su ya ci wa talakawa kimanin yuro biliyan 64. A Nuwamba 2010 aka shirya wa ƙasar tallafin yuro biliyan 85 tare da Tarayyar Turai da Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Farashin gidaje ya faɗi da kimanin rabi, aka bar iyalai da bashin da ya fi darajar gidansu, matasa kuma suka sake kama hanyar Ostareliya da Kanada.

Farfaɗowar ta zo da sauri a kan takarda. A 2015 lissafi ya nuna cewa arzikin ƙasar ya ƙaru da kimanin kashi 26 cikin ɗari, alhali mafi yawan wannan ƙari kamfanonin waje ne suka mai do da kadarorinsu cikin littattafan ƙasar. Dole hukumar ƙididdiga ta fito da wani ma'auni dabam a 2017. Aiki dai ya dawo, ƙidayar 2022 kuma ta sami mutum miliyan 5.1. Amma gini ya kusa tsayawa bayan 2008, magina sun watse, ƙananan hukumomi kuwa tun ƙarshen shekarun 1980 suka rage ginawa, bayan sun sayar wa 'yan haya da yawa daga gidajensu. A 2024 matsakaicin kuɗin sabuwar haya a Dablin ya haura yuro 2,000 a wata. Mafi ƙarancin albashi a shekarar yuro 12.70 ne a awa. Mai aikin awa 39 a mako zai sami kimanin yuro 2,150 a wata. Watau albashinsa kusan duka na mai gida ne. Kafin ƙarshen shekarar, mutanen da hukuma ta ajiye a masaukin gaggawa sun haura 15,000, dubbai daga cikinsu yara ne.

Jama'a, ba ina cewa Dablin ta 2024 daidai take da ta 1913 ba. Mutanenta sun fi kakanninsu ilmi da lafiya da tsawon rai nesa ba kusa ba. Abin lura shi ne, masana'anta kan zo cikin shekara biyu, amma unguwa da ruwanta da makarantarta da hanyarta sai an yi musu tanadi tun kafin jama'a su iso. Ku ɗalibai da ma'aikata, wataran takardar kasafi za ta zo teburinku ɗauke da lambobi masu daɗin ji. Kafin ku sa hannu, ku nemi a gaya muku abin da ya rage wa ƙaramin ma'aikaci bayan ya biya haya.