Tarihin Takardar Bayanin Kai ta Masu Neman Aiki

Takardar bayanin kai, wadda masu neman aiki ke ce wa sibi, taƙaitaccen rubutu ne da mutum ke jera karatunsa da ayyukan da ya yi da abin da ya iya, domin wanda bai san shi ba ya duba ya ga ko ya cancanci a ɗauke shi. Ba tsohuwar al'ada ba ce. A da ɗa sana'ar ubansa yake gada, wanda kuma ya fita neman aiki wani babba ne ke kai shi ya tsaya masa. Sai da birane suka girma, baƙo ya fara ɗaukar baƙo aiki, sannan aka buƙaci takarda.

Takardun farko ma ba mai neman aikin ne ke rubuta su ba, ubangidansa ne. A ƙasashen Jamusawa, yaron da ya gama koyon sana'a kamar kafinta ko ƙira yakan yi shekaru yana yawo gari gari don ya ƙware, yana riƙe da takardar shaida daga ƙungiyar masu sana'ar, wadda ke nuna inda ya yi aiki da yadda ya zauna da mutane. A Ingila, baran gida ba ya samun sabon wuri sai da shaidar hali daga gidan da ya baro, har ta kai majalisa ta yi doka a 1792 don hukunta masu ƙirƙirar shaidar jabu. Faransa ta fi tsanantawa: daga 1803 aka tilasta wa ma'aikaci riƙe wani ɗan littafi da ake rubuta ranar da ya kama aiki da ranar da ya bari, da bashin da ubangida ke bin sa. Ba a soke shi ba sai 1890. Irin waɗannan takardu sun fi amfanar mai gida, domin idan ya ƙi sa hannu, ma'aikaci ya shiga uku.

Duniyar ilimin Musulunci tana da tata hanyar, wato ijaza, inda malami ke ba ɗalibi izinin karantar da littafin da ya sauke a gabansa, tare da salsalar malaman da littafin ya biyo ta hannunsu. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Ida'un Nusukhi a farkon ƙarni na 19, ya lissafa malamansa da littattafan da ya karanta a wurinsu. Ba don neman aiki ya yi ba, amma tambayar da rubutun ya amsa ita ce dai ake yi har yau: a ina ka yi karatu, wa ya karantar da kai?

Misalin da ya fi shahara na mutumin da ya tallata kansa da kansa a rubuce shi ne na Leonardo da Vinci. A wajajen 1482, yana da kimanin shekara 30, ya shirya wasiƙa zuwa ga Ludovico Sforza, mai mulkin Milan a Italiya, ya jera abubuwan da ya iya ɗaya bayan ɗaya. Abin lura shi ne yadda ya tsara su. Ya san mai mulkin yana cikin zamanin yaƙe-yaƙe, sai ya fara da gadoji marasa nauyi da za a iya ɗauka, da dabarun janye ruwan ganuwar abokan gaba, da igwa, da haƙa hanyoyin ƙarƙashin ƙasa, da kekunan yaƙi masu rufi. Bayan haka ya kawo gine-gine da jan ruwa na lokacin zaman lafiya. Sassaƙa da zane, waɗanda duniya ta san shi da su, can ƙarshe ya ambace su. Ya kuma ce a shirye yake a gwada shi idan ana shakka, tun da gani ya kori ji. Ya zauna a Milan har 1499, kuma kwafin wasiƙar yana nan a ɗakin karatu na Ambrosiana a birnin. Masu cewa ita ce sibi ta farko a duniya sun yi ƙari, don wasiƙa ce kawai, babu kwanan wata na karatu ko na aiki a cikinta. Sai dai dabarar da ya bi, ta gabatar da abin da mai karatu ke buƙata kafin abin da marubuci ke alfahari da shi, har yanzu ba a samo wadda ta fi ta ba.

Abin da ya mai da takardar ta zama ta kowa shi ne aikin ofis. Rahoton Northcote da Trevelyan na 1854 ya nemi a daina rabon aikin gwamnatin Birtaniya ta hanyar sanayya, kuma a 1870 aka buɗe jarrabawar shiga ga jama'a. Amurka ta bi sahu da dokar Pendleton a 1883. Kamfanonin jirgin ƙasa da bankuna su ma suka buɗe ofisoshin kula da ma'aikata. Tafireta ta shiga kasuwa a 1874, injin kwafi na Xerox ya zo a 1959, sai ya zamana mutum ɗaya zai iya aika takarda iri ɗaya wurare da yawa.

Takardun Amurka na tsakiyar ƙarni na 20 sukan ƙunshi shekaru da tsawo da nauyin jiki da addini da batun aure. Doka ce ta share su. Ta 1964 ta hana nuna bambanci wajen ɗaukar aiki saboda launin fata ko addini ko jinsi ko asali, ta 1967 kuma ta kare waɗanda suka manyanta. Daga nan kamfanoni suka fara gudun takarda mai hoto, kada a kai su kotu. Amma suna kaɗai ya isa ya tona asalin mutum. Masana tattalin arziki biyu, Marianne Bertrand da Sendhil Mullainathan, sun aika takardun gwaji kusan 5,000 a biranen Boston da Chicago, suka wallafa sakamakon a 2004: masu sunaye irin na farar fata sun fi masu sunayen baƙar fata samun kira da kashi 50 cikin 100. Faransa ta yi doka a 2006 cewa manyan kamfanoni su riƙa duba takardu ba tare da suna ba, amma ba a aiwatar ba, a 2015 aka janye tilascin.

Saboda haka babu tsari guda da ya game duniya. A Jamus har yanzu an saba sa hoto. A Japan fom na musamman ake cikawa, kuma an daɗe ana fifita rubutun hannu. Tarayyar Turai ta fito da samfurin Europass a 2005 don daidaita na ƙasashenta. A Najeriya kuwa, abin da Ba'amurke zai ɓoye shi ake sawa a sama: ranar haihuwa da jihar asali da ƙaramar hukuma. Dalilin yana cikin tsarin raba daidai na ayyukan tarayya da kundin tsarin mulki na 1979 ya kawo, wanda aka kafa wa hukuma ta musamman a 1996. Shekarar bautar ƙasa ma, wadda aka fara a 1973, ta samu gurbi a takardar duk wanda ya gama jami'a. Nijar ta gaji salon Faransa, inda ake yawan haɗa takardar da wasiƙar neman aiki ta rubutun hannu.

Intanet ta sake sauya lamarin. Shafin Monster ya fara tallata guraben aiki a 1994, LinkedIn ya biyo baya a 2003, masu nema suka yi yawan da ba za a iya karanta takardunsu duka ba. Manyan kamfanoni suka koma amfani da manhajojin kwamfuta masu tankaɗe da rairaya, waɗanda ke neman kalmomin da ke cikin sanarwar aikin kafin idon mutum ya kai ga takarda. Wannan ne ya ƙarfafa ƙa'idojin da ake koyarwa yanzu: shafi ɗaya ko biyu, sai fa malaman jami'a da ke jera duk abin da suka wallafa, aikin baya-bayan nan a sama, tsari mai sauƙi ba ado, faɗin abin da aka cim ma a wurin aiki maimakon sunan muƙami kawai. Takardar da aka rubuta sau ɗaya ana rabawa ko'ina ba tare da gyara ba ita ce ta fi saurin faɗuwa a wannan tantancewar.