Tsagar da ke ɓoye a cikin dogo

A farkon zamanin jirgin ƙasa, duba lafiyar layin dogo aiki ne na ƙafa da ido. Ma'aikaci yakan bi layin da guduma da sifana, yana ɗaure noti, yana lura da inda ƙasa ta zaftare. Abin da ya gagare shi gani shi ne tsagar da ke farawa daga cikin ƙarfen.

Irin wannan tsaga ce ta karya dogo a watan Agusta na 1911, kusa da garin Manchester na jihar New York a Amurka, taragai suka rikito daga kan gada, kusan mutum 30 suka rasu. Sai a 1928 tarago mai bincike na injiniya Elmer Sperry ya fara aiki. Yakan tura wutar lantarki mai ƙarfi ta cikin dogon. Duk inda tsaga take, ƙarfin maganaɗisun da ke kewaye da ƙarfen yakan karkace, na'ura ta nuna wurin. Daga baya aka ƙara da sautin da ya fi ƙarfin jin kunne, wanda ke ratsa ƙarfe ya dawo da labari.

Sai dai gano aibi daban, aiki da sanin daban. Ranar 17 ga Oktoba, 2000, jirgin da ya taso daga Landan zuwa Leeds ya goce a Hatfield ta Ingila, mutum huɗu suka mutu. Dogon ya farfashe ne saboda gajiyar ƙarfe, kuma abin takaicin shi ne an riga an san ya lalace, har an tsara musanya shi, ba a yi ba. Kamfanin Railtrack, mai kula da layukan, bai san wurare nawa ne suke cikin wannan hali ba, don haka ya tilasta wa jirage tafiyar hawainiya a faɗin ƙasar. A 2002 Network Rail ya gaje shi, a 2003 kuma ya fito da jirgin awo mai launin rawaya da ke auna layi yana gudu.

Yawancin bayanan irin wannan awo a hannun kamfanoni suke tsayawa, mai bincike a jami'a kuwa ba shi da layin dogon da zai gwada dabararsa. Shi ya sa matakin masanan Jami'ar Carnegie Mellon na 2019 yake da daraja: sun liƙa na'urorin auna girgiza a jirage biyu masu jigilar fasinja a birnin Pittsburgh, suka saki bayanan ga kowa, haɗe da inda jirgin yake a kowane lokaci, da yanayin sama, da jadawalin gyaran layin. Jadawalin nan ne ya fi amfani, domin da shi ake kwatanta girgizar wuri guda kafin gyara da bayansa, a gane ko dabarar mai bincike tana hango lalacewa da gaske.