Maganin Ɗaukewar Al'ada: Daga Yabo Zuwa Tsoro, Daga Tsoro Zuwa Awo

 Yau tarihin wani magani za mu ɗan taɓa.

Mace kan daina ganin al'ada tsakanin shekara 45 zuwa 55, saboda wani sinadari da ake kira istrojin ya ragu a jikinta. Sai ki ji zafi ya taso miki daga ƙirji zuwa fuska, ga zufa cikin dare ko da hunturu ne, ga rashin barci da bushewar gaba. Wannan ba jifa ba ne, ba kuma iska ba.

A 1942 aka fara sayar da wata ƙwaya a Amurka mai suna Premarin, wadda ake haɗawa daga fitsarin goɗiya mai ciki, don mayar wa mace abin da ta rasa. A 1966 wani likita, Robert Wilson, ya fitar da littafi yana cewa maganin zai hana mace tsufa. Mata suka yi ca a kansa. Sai a 1975 aka gano cewa istrojin shi kaɗai yana ƙara haɗarin sankarar mahaifa. Daga nan aka riƙa haɗa shi da sinadari na biyu, mai kare mahaifar.

A 2002 kuma aka dakatar da wani babban bincike a Amurka da ya ƙunshi mata fiye da 16,000, bayan an ga ƙaruwar sankarar mama, da daskarewar jini, da shanyewar ɓarin jiki. Mata da yawa suka watsar da maganin. Amma da aka sake duba alƙaluman, sai aka lura matsakaicin shekarun matan 63 ne, kuma ƙarin masu sankarar mama mace 8 ne cikin 10,000 a shekara.

To ina aka tsaya yanzu? Likitoci sun ce ga wadda ba ta kai 60 ba, ko ba ta wuce shekara 10 da ɗaukewar al'ada ba, amfaninsa yakan fi illarsa. Ana farawa da ɗan kaɗan, a sake duba ta bayan wata 3. Akwai na sha, akwai na shafawa, akwai filastar da ake liƙawa a fata. A farko yakan sa ciwon mama, ciwon kai, tashin zuciya ko ɗigon jini. Wadda ta taɓa sankarar mama, ko daskarewar jini, ko ciwon hanta, ba nata ba ne.

Saboda haka, 'yar uwa, kada ki aiki yaro kyamis ya sayo miki, kada ki karɓi ragowar na maƙwabciya. Awon wata ba naki ba ne. Ki yi wa maigida bayani, a kai ki babban asibitin Batsari ko na Dutsinma, in ta kama a tura ki wajen likitan mata a Katsina. In kuma jini ya dawo bayan shekara guda da ɗaukewa, kada kunya ta sa ki yi shiru, a garzaya asibiti.

Allah ya ba mu lafiya mai amfani. Sai mako mai zuwa, in mai duka ya kai mu.