Gardamar Matsin Dutse da Ma'aunin Nils Hast

Wani mai karatu ya aiko da tambaya: ta yaya injiniyoyin ma'adinai suke sanin irin matsin da dutse yake ciki kafin su zurfafa rami? Hanyar da suke bi a yau daga wata tsohuwar gardama ta fito.

Nauyin da ke dannowa daga sama babu mai musu a kansa: a zurfin kilomita ɗaya, kowane murabba'in mita yana ɗauke da kusan tan 2,700. Matsin gefe ne abin taƙaddama. Albert Heim, masanin duwatsu ɗan Suwizalan, ya ce tun 1878 dutse mai zurfi halin ruwa gare shi, matsinsa daidai yake ta ko'ina. A 1952 Karl Terzaghi da abokin aikinsa Richart suka buga lissafi suka ce a'a, na gefe kusan sulusin na sama ne kawai. Sunan Terzaghi ya yi nauyi, sai jama'a suka bi. Amma dukansu a kan takarda suke magana.

Nils Hast, injiniya ɗan Suwidin, shi ya sauka cikin ramukan ma'adinan ƙasarsa da ma'auni a hannu. Sai ya huda siririn rami, ya cusa 'yar na'ura ta matsu a ciki, sannan ya sa babban bututun haƙa ya yanke dutsen da ke kewaye da ita. Da zarar guntun ya rabu da uwar dutse sai ya saki jiki, na'urar ta nuna yawan sakin, daga nan a lissafa matsin da yake ciki a dā. Abin da ya wallafa a 1958 ya ba da mamaki: matsin gefe ya fi na sama, wani wurin ma ya ninka shi. Ashe sassan ɓawon ƙasa su kansu suna tunkuɗar juna, abin da lissafin sulusi bai sa a ciki ba.

A ganina Heim, duk da tsufan ra'ayinsa, ya fi kusa da gaskiya. Da masu bincike Brown da Hoek suka tattara awon ƙasashe da dama a 1978, sun ga in an yi zurfi sosai matsin biyu sukan kusanci juna.

Sauran duk gyaran hanya ne. Wani mai bincike, Leeman, ya ƙera tasa na'urar a Afirka ta Kudu a shekarun 1960, Ostareliya ta fito da tata a shekarun 1970, wasu kuma suka koma dura ruwa a rijiyar burtsatse har dutse ya tsage, su karanta matsi daga ƙarfin da ya tsaga shi.