Ƙidayar tara-tara: yadda Sinawa ke lissafin kwanakin sanyi

A ƙasar Sin akwai wata tsohuwar al'ada da ake kira Shujiu, ma'ana ƙidayar tara. Ana soma ta ne daga Dongzhi, ranar da dare ya fi tsawo a shekara, wadda galibi ke faɗowa 21 ko 22 ga Disamba. Daga nan sai a kasa kwanaki kashi tara, kowane kashi kwana tara, jimilla kwana 81. Lissafin na ƙarewa kafin tsakiyar watan Maris, lokacin da sanyi ke janyewa.

Al'adar ta fi dacewa da arewacin ƙasar, musamman yankin Rawayen Kogi, inda ruwa ke daskarewa. Tara ta uku da ta huɗu, waɗanda ke cikin Janairu, su ne ƙololuwar sanyi. Daga baya ƙanƙarar kogi ta soma narkewa, itatuwa su yi toho, a ƙarshen tara ta tara kuma manoma su fito da shanun huɗa. Ga manomin da, wannan lissafi ba wasa ba ne: da shi yake auna ko itacen wuta da hatsin rumbu za su kai shi ƙarshen sanyi, da shi kuma yake shirin komawa gona.

Don kada lissafi ya ɓace, akan zana reshen itacen meihua mai furanni tara, kowane fure da ganye tara. Kullum sai a shafa wa ganye ɗaya launi; ran da reshen ya cika, sanyi ya wuce. Wasu kuma kalmomi tara suke zaɓa, kowace mai zane tara a rubutun Sinanci, suna cike zane ɗaya a rana. Akwai masu zana da'ira 81, suna sa alamar yanayin kowace rana: gajimare, iska, ruwa ko dusar ƙanƙara.

Ranar Dongzhi kanta ranar haɗuwar iyali ce. A arewa ana cin jiaozi, ƙullin alkama mai nama a ciki, a kudu kuma tangyuan, dunƙulen garin shinkafa. Dongzhi na cikin zango 24 na kalandar rana ta Sinawa, waɗanda UNESCO ta sanya cikin al'adun gado na ɗan Adam a 2016.